Akaifun Inna

Daga Habi a Isa, zuwa ga ƙanena Yari a Sabon Birni.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Bayan haka, ƙafar Inna ta lalace. Akaifunta sun yi kauri, sun yi ɗorawa, suna marmashewa kamar tsohuwar ƙwarya. Na babban yatsa ya nutse cikin nama, ko takalmi ba ta sawa. Na ɗauko aska ta buge mini hannu, wai kai kaɗai ka san inda ba ya mata zafi. Mijina Malami ya karɓo maka aman, wato izinin shigowa lafiya, na kwana uku, ba mai taɓa ka. Ka zo don Allah. Wassalam.

Daga Yari zuwa ga Habi.

Na amsa gaisuwa. Aman? Bakin da ya yi wa babanmu aman a kan iyaka aka kashe shi, shi za ni yarda da shi? Ke kika auri mutanen Sakkwato, Inna ta bi ki ta bar ni da kabarin mijinta. Ki jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da kanwa da bagaruwa har akaifar ta yi taushi. Ki kankare sama-sama, kada ki haƙa gefe. Ki share tsakanin yatsu su bushe, ki ɗaura lalle. Ba wani asiri ba ne. In ko hannuna take so, ƙafar da ta kai ta Isa ita za ta maido ta Gobir. Ki huta lafiya.

Daga Habi zuwa ga Yari.

Ina gaishe ka don zumunci, ba don ka ci gaisuwa ba. Ka manta ba ni da karatu? Takarda in ta zo, Malami ke karanta mana ita a tsakar gida, kowa na ji. Ya so ya tsallake ƙarshen, Inna ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Washegari da hantsi na tafi gulbi wanki, na komo ba ta ba sandarta. Yau kwana biyu. Raina ya ɓaci da kai, Yari, ya ɓaci ƙwarai. Ka fito hanya ka tare ta. Wassalam.

Daga Yari zuwa ga Yaya Habi.

Gaisuwa. Na hau doki har kusa da Gangara ban gan ta ba. Na wasa aska, na aza ruwa. Ki gaya mini wace hanya ta bi.

Daga Habi.

Sauke ruwanka. Makiyaya sun same ta gindin wata tsamiya, ko rabin hanya ba ta kai ba. Wajen wanka na so in gyara mata ƙafar, Malami ya ce ba a yanke wa mamaci akaifa. Haka muka rufe ta da su.

Wassalam.