Tsakuwar da Kika Yi Sallah a Kanta

Malaz, Riyad
9 ga Afrilu, 1986

Turai, sanyin idona, inuwar tsamiyata, ruwan randa a tsakar rana,

Shekara goma sha uku ke nan kina hukunta ni saboda kalma ɗaya. Ɗaya tak! Wasiƙa nawa na aiko Zariya? Ko hannunki ne ya shanye?

Kin tuna lambun nan na Japan, lokacin da aka tura ni kwas na tafi da ke? Sanyinsu ya janye, itatuwa sun yi fure, yana zubo miki a mayafi kamar yayyafi. Jajayen kifaye na kai da komo a ƙarƙashin gada. La'asar ta yi, kika nemi wuri mai tsabta, kika ga farar tsakuwa an share ta layi-layi. Ina za ki san cewa ta kallo ce, ba a takawa? Kika tuɓe takalmi, kika shimfiɗa zane a tsakiyarta, kika tayar da sallah.

Tsohon mai lambun ya jingina da manjagararsa, ya jira har kika sallame, ya rusuna miki. Ni kuwa, injiniya mai takardun Ingila, na ce miki baƙauyiya a gaban shugabannina. Na faɗa, ban musa ba! Amma da muka shiga kwalekwale a tafkin da ke bayan lambun, ban roƙe ki ba? Kika zuba wa ruwa ido, fuskarki a cikinsa kamar wata, kika hana ni ko harara. Muna sauka gida kika nemi takardarki, ni ma zuciya ta ɗebe ni na rubuta.

Wace irin mace ce ke? Dutse ma ruwa na cin sa! Zo ki ga injiniyan naki yau: furfura ta gama da shi, kafili, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, sa'an ƙanena, yana kirana da yatsa. Wannan bai ishe ki ba?

Na san ba ki sake aure ba. Iƙamata, takardar izinin zamana a nan, za ta ƙare bayan Babbar Sallah. Rubuto layi ɗaya, in tattara in dawo a mayar da aurenmu. Ko zagi ne rubuto, zan sumbaci takardar.

Ban kalli wata mace ba, ba kuwa zan kalla ba har a sa ni a ƙasa. Da cikin wata huɗu kika bar gidana. An ce mace kika haifa, sunanta Sauda, ta shekara goma sha biyu. Ban taɓa jin muryarta ba.

Naki, ko kin ƙi,
Dalhatu