Saukowa da Lahsan Daga Dutse

Zuwa ga Innata Yamna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya su Itri da yaransu?

Inna, gara ki ji daga gare ni kafin a kawo miki a karkace. Ranar Talata da hantsi, a kan rigimar ban ruwan gonar zaitun, Assu ɗan baffan mijina Lahsan ya sara masa fartanya a ka. Ina tsaye, na ji ƙarar kamar an fasa kabewa.

Maza duk suna kasuwa. Assu da kansa ya ciccibe shi zuwa motarmu, ya naɗe masa kai da rawaninsa, ya zauna da shi a baya. Na yakushi Assu, na tofa masa yawu, bai ko goge ba. Ni da ban taɓa tuƙi ba sai a fili, na kama tuƙi a gangaren dutse zuwa asibitin garin Tarudant.

Ƙafata na kan birki tun daga bakin ƙauye. Can sai ƙauri ya cika motar, birki ya yi laushi kamar ƙullu, ga rami a hannun dama. Na goga motar da dutse, madubi ya tarwatse ya yanke ni a kunci. Lahsan ya buɗe ido ɗaya, jini na shiga bakinsa, ya ce, "Ke Tuda, kashe mu za ki yi? Danna maɓallin nan na jikin giya. Babbar giya ta fili ce, a gangare inji ake bari ya riƙe." Na danna. Injin ya yi ruri, motar ta dafe kamar an riƙo ta ta baya. Da muka sauka fili Assu ya ce in sake dannawa mu yi gudu. Na ce, "Rufe min baki, kare!" Amma na danna.

An yi wa Lahsan aiki, bai farfaɗo ba tukuna. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki, Tuda

Innata,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Allah ya saka da zumar da kika aiko.

Lahsan ya farka jiya, har ya sha romo. Sai dai akwai abin da ban faɗa masa ba. Ranar Laraba ƙannensa biyu suka tare Assu a hanyar komawa ƙauye, suka yi ta dukansa da sanduna da duwatsu har ya daina motsi. An binne shi, su kuma suna hannun 'yan sanda.

Lahsan bai tuna saran ba, Inna, ko faɗan ma. Tun safe yake leƙen ƙofa yana cewa, "Wannan ɗan banzan Assu, ko ya zo ya duba ni?"

Ki hau mota gobe don Allah. Ba zan iya faɗa masa ni kaɗai ba.

Taki har kullum, Tuda