Santimita Goma Sha Biyar

Litinin, 6 ga Maris

Kantar kicin ta tsage. Mai hankali zai kira birkila ya sa wata irin ta da, a huta. Amma matata Zulmira ta ce dutsen sabulu take so, irin mai laushin nan da ake sassaƙa tukwane da shi. Kuma a sauke tsayin daga santimita casa'in zuwa saba'in da biyar, a bar ƙarƙashi fayau, ba kabad.

Na ce don me? Ta ce, "Ka san don me, Valdemar."

Na sani mana. Don keken guragu. Likita ya ce ciwon jijiyar da ke damunta zai fara cin ƙafafu, sannan hannu, ita kuwa ta rungumi maganar kamar karatun coci. Mace tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Ba zan gina wa keke wuri a gidana ba. Casa'in, kamar ta kowa.

Alhamis, 9 ga Maris

'Yarmu Cleonice ta bugo daga Belo Horizonte da nata surutun: a bar gyaran, mu koma wurinta, tana da mai girki. Zulmira ta ce ranar da wata ta dafa mata wake, a kira Fadan coci ya yi mata addu'ar ƙarshe. Na tafi wanke mota.

Asabar, 11 ga Maris

Mun je Santa Rita ganin dutse. Yau na sha kunya. Matar nan ta taho da tukunyar wakenta a jaka, tana bin falalen duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora tukunyar, ta ja ta da yatsu biyu. Mai wurin, wani tsoho Onofre, kansa fari fat da ƙurar dutse, maimakon ya hana ta sai ya biye mata.

"Ja da kyau, uwar gida. Wannan ba ya tsoron zafi. Daga wuta ki jawo ta kansa kawai, ba sai kin ɗaga ba."

Na ce yaushe ɗaga tukunya ya zama aiki? Zulmira ta ci gaba da jan tukunyarta.

Na karce dutsen da farce, sai ga layi. Na ce, "Malam, wannan dutse ne ko cuku?" Ya ce, "Cukun da zai binne ni da kai ne, maigida." Ya goge layin da takardar gurza, ya watsa ruwa, dutsen ya tashi daga ruwan toka ya koma kusan baƙi, da farar jijiya a tsakiya. Wai haka zai zama in ya sha mai. Zulmira ta ce shi take so. Awa uku, ko kofi ba a ba mu ba.

Talata, 14 ga Maris

Na buga wa Onofre waya, Zulmira ba ta sani ba. Na ce casa'in. Ya ce in sake tunani, don in aka dasa dutsen a bango an gama, maza huɗu ke ɗaukarsa. Na ce shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas, ba a taɓa koya mini aikin gidana ba.

Lahadi, 19 ga Maris

Kaza da kuɓewa, duk a ƙasa. Tukunyar ta suɓuce mata tsakanin murhu da tebur, taku biyu kacal. Zulmira ba ta ƙone ba, Allah ya tsare. Na ce mariƙin ne ya yi santsi, dama na daɗe ina cewa a sake shi. Ta ce, "E, mariƙin ne." Muka ci tuwon masarar da ƙwai.

Mariƙin lafiyarsa lau, na duba.

Laraba, 22 ga Maris

Onofre ya zo awo, kuma bakinsa bai da ƙofa. A gabanta ya ce, "To, casa'in ɗin da maigida ya ce ko?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na shirya wa faɗa. Shekara arba'in da huɗu na san yadda take yi: ta buga murfin tukunya, ta tuno mini laifin da na yi tun kafin a haifi Cleonice. Yau ko ɗaya. Cewa ta yi, "Yi yadda kake so, tsoho. Sai dai in tafi wurin Cleonice da wuri." Ta koma ta zauna.

Da zagina ta yi ya fi mini sauƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa ba.

Onofre ya ce yana jiran lamba ɗaya kafin Litinin, ba biyu ba.

Juma'a, 24 ga Maris

Ba ta yi mini magana ba sai "ga kofi".

Asabar, 25 ga Maris

Ta tafi coci da maƙwabciyarmu Nair. A mota. Ban lura ba tun yaushe Nair ta fara zuwa ɗaukarta.

Ni kaɗai a gida, na jawo kujera gaban tsohuwar kantar na zauna, don in tabbatar wa kaina rigimar banza ce. Na ɗora tukunya. Ban ga cikinta ba. Ina jin cokali yana yawo, amma ko wake ne ko tsakuwa, oho. Gwiwoyina suna dukan kabad, kafaɗa ta riƙe kafin minti biyar. Ni da na fi ta tsawo da kai guda.

Na daɗe a kujerar nan.

Litinin, 27 ga Maris

Saba'in da biyar. Na ce wa Onofre kuma in ya kuskura ya yi mini dariya, zan je in sayi dutsen wani. Ya ce shi bai ce komai ba. Ina jin dariyar tasa ta cikin wayar.

Laraba, 12 ga Afrilu

Mako biyu ƙura har cikin kunne. Birkila ya fasa bututu, Onofre ya makara kwana uku, an kankare fentin ƙofa wajen shigo da dutsen. Murhun ma sai da aka sauke shi ya daidaita da kantar, wanda ba wanda ya gaya mini tun farko. Bakin dutsen ya zo da kaifi, zai ci mata hannu in ta jingina, sai na zauna na gurje shi da kaina. Wannan kam amfanin dutse mai laushi ke nan, na yarda.

Wani guntu ya ragu. Na ce a dasa shi a gefen taga, a casa'in. Zulmira ta ce na wa? Na ce ragowa ce kawai, ba za a zubar da dutse mai kyau ba.

Asabar, 15 ga Afrilu

Zulmira ta shafa wa dutsen mai, ya yi baƙi ƙirin. Ta zauna a kujera, kujerar cin abinci dai, ta jawo tukunya daga wuta zuwa gabanta da hannu ɗaya, ta leƙa ciki. Sai ta buga wa Cleonice waya ta ce kada a gyara mana ɗaki.

Ni ina tsaye a wurin guntun nan, sai ta turo mini albasa. Na yanka. Ta ce wannan ba yanka ba ne, faskare ne. Na ce in ba ta so ta karɓi abarta. Ba ta karɓa ba.

Ta ce in ɗauko littafin nan in rubuta yadda ake waken. Na ce me zan rubuta, ba ga ki nan ba? Ta ce, "Rubuta, Valdemar."

A jiƙa tun safe, a zubar da ruwan farko. Tafarnuwa huɗu, a daka, ba a yanka ba. Gishiri sai ya yi laushi. A dame ludayi ɗaya a mayar ciki don romo ya yi kauri.

Gobe shinkafa.