Furar Baba Isyaku

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Wata biyu cif da fara aiki. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni minti goma ne a adaidaita, yau ya ci min arba'in saboda ruwan da ya kwanta a titi. Na ɗauki hoton ƙirji goma sha tara, na ƙafa huɗu. Bayana kamar an daka.

Gobe gwajin haɗiya. Karo na uku ke nan da zan yi shi, amma na farko da ba wanda zai tsaya a kaina.

Talata, 8 ga Yuli

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na daina maimaita shi a zuci. Majinyaci ya zauna a gaban na'urar hoto. A ba shi abin da aka gauraya da bariyom, farin garin nan da ke fitowa baƙi a allo. Ruwa tsararo, mai ɗan kauri, mai kauri sosai, sai biskit. Na'urar tana ɗaukar hoto talatin a daƙiƙa ɗaya. Daga nan manhajar ƙirƙirarriyar basira ta bi hotunan ta ba da maki: 1 lafiya lau, 8 abinci ya shiga hanyar numfashi kuma mutum bai ko yi tari ba. Ni in cika takarda, Dakta Tabita ta duba ta sa hannu. Talata da Alhamis kawai take zuwa.

Na yau Baba Isyaku ne daga Ƙauyen Alu, shekara sittin da takwas, tsohon direban tirela. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata uku da suka wuce. Maganarsa na fita a hankali amma ba ta rasa tsiya. Da na miƙa masa cokali ya ce, "Shekara talatin da huɗu ina kai kaya Ikko, 'yata. Yau cokali ake koya min."

Maki: 1, 1, 1, 1. Tabbaci kashi casa'in da shida. Duka kore a allo. Sai da na ji kafaɗata ta sauka.

Matarsa, Inna Kulu, ta leƙa kofunan ta taɓe baki. "Shi fa wannan ba cimarsa ba ce. Fura yake sha, safe da yamma." Na ce to, Inna. Ba gurbin fura a takardar, don haka ban rubuta ba.

Dakta ta sa hannu a tsaye, jaka a kafaɗa, takardu ashirin da shida na jiranta.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ba komai. Gajiya.

Laraba, 16 ga Yuli

Goggo ta ce na rame. Na ce aiki ne. Ta ce wanne irin aiki, ba kwamfuta ce ke yi muku ba? Shekara biyar a jami'a, ga ni ina kwafe lamba daga allo zuwa takarda. Gaskiya kuma hakan ya fi min sauƙi. In aka yi kuskure ba idona ba ne.

Litinin, 21 ga Yuli

An dawo da Baba Isyaku, a kan keken guragu wannan karon. Zazzaɓi kwana huɗu, numfashi da ƙyar. An kwantar da shi a wani asibiti nan kusa, su suka aiko a ɗauki hoton ƙirji. Ni na ɗauka. Ƙasan huhun dama fari fat. Ba ni da hurumin faɗin sunan ciwon, amma na san inda abinci ke sauka in ya ɓata hanya.

Takardar da suka zo da ita ta ce in abin ya sake faruwa, za a hana shi ci ta baki, a sa masa robar abinci ta hanci. A bayanta an maƙala tawa. 1, 1, 1, 1, da rubutun hannuna.

Inna Kulu ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ya rantse ba mai zura masa roba. Wai gara ya tafi da ƙoshinsa." Shi kuwa ko kallona bai yi ba, balle tsokana.

Na sake kallon bidiyon ranar 8 sau shida. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Abin da muka ba shi ya haɗiye daidai.

Talata, 22 ga Yuli

Na tambayi Inna yadda take dama masa. Da nono tsala, ta ƙara ruwan randa, ta bar gudajin don yana son ya ji abin taunawa. Da ludayi yake sha, a kishingiɗe. Tari fa? Ta ce ko sau ɗaya. Wai ita da ya sarƙe ai da ta sani.

Ruwa daban, gudaji daban, a baki ɗaya. Cikin abubuwa huɗun da muke bayarwa babu mai kama da haka. An taɓa ambata mana wannan a aji huɗu na jami'a, layi biyu a ƙasan shafi, kuma misalin na abincin da ban taɓa gani ba ne.

Na tsaya a ƙofar ofishin Dakta minti bakwai kafin in ƙwanƙwasa. Na ce ina so a maimaita gwajin da furarsa. Na kuma faɗa mata cewa Inna ta gaya min tun ranar farko. Ta cire tabarau ta murza ido. "Ni ma ban tambaya ba, Sadiya, kuma ni na sa hannu. Ki ce su zo da ita jibi, in zazzaɓin ya sauka. Har ludayin."

Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Inna ta zo da ƙwarya a cikin leda, ta dama a gabanmu. Na zuba bariyom. Baba ya duba ya ce, "Kin ɓata min fura da alli." Na ji daɗin jin bakinsa.

Ludayi ɗaya kawai muka bari ya sha. Manhajar ta ba da 2, tabbaci kashi arba'in da ɗaya, launin ruwan ɗorawa maimakon kore. Ta kewaye gudajin tana bin su, su ta ɗauka abin haɗiyar ne.

Dakta ta ce, "Me kika gani?"

Na ce manhajar ta ce biyu.

"Ba ita na tambaya ba."

Na koma baya, hoto ɗaya-ɗaya. Yana cikin tauna gudajin, bai fara haɗiya ba, ruwan ya riga ya silale ta bayan harshe. A hoto na 212 ga wani baƙin zare siriri ya gangara ta gaba, cikin hanyar numfashi. Na jira tari. Har hoto na 400 babu.

Na ce takwas. Da ƙyar ni kaina na ji abin da na faɗa. Ta ce in rubuta.

Sai muka gwada wata. Inna ta murje furar ta tace da rariya, aka dama da kindirmo har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Ya zauna sak, haɓa a ƙasa. Sau uku, duka suka wuce lafiya. Ni da manhajar muka ce 1. Dakta ta rubuta wa likitansa cewa ba a bukatar roba a yanzu, da sharuɗɗa biyar. Ta kuma sa in aika wa masu manhajar bidiyon, bayan Baba ya yarda kuma an goge sunansa.

Yana fita ya ce, "Wannan ai kunun jarirai ne." Inna ta ce, "Jaririn ma da gemu. Ka sha ko a kawo roba."

Na shiga banɗaki na zauna a kan murfin bokiti na ɗan lokaci. Kwana goma sha uku yana shaƙar fura da izinin takardata. Wannan ba ya gogewa.

Asabar, 2 ga Agusta

Inna Kulu ta kira. An sallami Baba. Ta ɓoye ludayin a gidan maƙwabta don ya fara nemansa.

Talata, 5 ga Agusta

Ƙirji ashirin da biyu. Ciwon bayan nan dai har yanzu.

Gwajin haɗiya ɗaya, wata Madam Janet daga Hotoro, tsohuwar malamar firamare. Kafin mu fara na tambayi ɗanta me take ci a gida. Gwaten acca, mai ruwa-ruwa da ganye. Na sa ya koma ya ɗebo, muka jira shi awa ɗaya da minti goma, mutanen layi suna ta harara ta.

Na bi hotunan na rubuta makina a bayan hannu, sannan na buɗe na manhajar. Mun yi daidai a huɗu, mun saɓa a na gwaten. Na kai wa Dakta duka biyun.

Ba wani abu ba ne ya sa na fara da nawa. Kwamfutar ce ke jinkirin buɗewa kwanan nan, ni kuma ba na son zama haka kawai.

Na ja layi da biro a ƙasan takardun gwajin, guda hamsin, na rubuta "Abincin gida". Ban tambayi kowa ba.