Wankan Doya

Abakaliki, farkon damina

'Yata Uzoamaka,

Gaisuwa mai yawa. Ya nauyin jiki? Ya mijinki Chidubem? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Na zaɓi takarda ne don a waya kuka ke hana ni magana.

Gwangwanin garin amino, na gina tsoka, da kika aiko ya iso. Ina dama shi safe da yamma. Ɗanɗanonsa kamar alli, amma ina runtse ido in shanye. Tun da taifot ta kwantar da ni naman damtsena ya zube, fata kawai ke reto. Ko butar shayi sai na haɗa hannu biyu.

Na ji kin ce in ƙarfina bai dawo ba, uwar mijinki ce za ta zo miki zaman jego, omugwo ɗinmu. Mutuniyar kirki ce, ban ƙi ta ba. Amma ni uwata ce ta gasa mini ciki da ruwan zafi da na haife ki, ita ta yi miki wankan fari. Kin san irin jiran da muka yi wa cikin nan. Ina so a ce ni na wanke jikana.

Uwarki,
Udenkwo

Abakaliki, tsakiyar damina

'Yata,

Ina fatan kina lafiya, ƙafar ta daina kumburi.

Nas Nkiruka ta wanke ni tas. Ta ce garin nan tubali ne kawai, in ban sa hannu aiki ba, ba zai zama tsoka ba. Ta kuma hana ni tura wa babanki nama da ƙwan da ke kwanona, halin da na tsufa da shi.

Sai na shiga rumbu na zaɓi ƙaramar doya. Kullum da safe nakan ɗora ta a cinya, in cuɗe ta da soso, in juya ta, in ɗaga ta sama yadda ake yi wa jariri. Babanki ya sami abin yi. Ya ce, "Udenkwo, yaushe ne baftismar jikan naki? In an fasa, ni zan ci shi da manja." Na ce, "Kai dai tsoho, cikinka ka sani."

Ƙaramar na iya ta. Jiya na gwada babba, mai nauyin da 'ya'yan gidanmu ke zuwa da shi. Sabulu ya sa ta santsi, ta suɓuce, ta daki daro ta karye biyu. Babanki bai yi dariya ba. Na shiga ɗaki na sha kuka.

Nkiruka ta ce wata biyun da ya rage miki zai ishe ni. Don Allah kada ki ba uwar mijinki amsa tukuna.

Uwarki mai begenki,
Udenkwo

Abakaliki, ranar Talata

Uzoamaka, 'yata,

Sannu. Sannu da jiki. Ya ɗan namu?

Chidubem ya kira ya ce namiji ne, bakwaini, an sa shi a kwalba. Na tambayi nauyinsa, na ɗauki ƙaramar doyata na kai wa Nkiruka ta ɗora a sikelin jarirai. Ta fara dariya, da ta duba sai ta juyo mini da fuskar sikelin. Doyar ta fi shi nauyi.

Ni da nake roƙon Ubangiji ya ƙara mini ƙarfi, yau roƙona ya koma ya ƙara wa yaron nan. Kada ki tsorata, kuma kada ki kira kowa zaman jego. Wannan nauyin hannuna ya saba da shi. Direban yau zai kawo miki takardar nan, ni ina tafe jibi in kifin farfesunki ya gama bushewa. Zan zauna a bakin ɗakin kwalbar har su fito da shi.

Na ɗaure kayan yaji da gwangwanina. Babanki da kansa ya sa doyar a jakata. Ya ce kada a taɓa ta, sai ranar da aka miƙo mini yaron a dafa miki ita.

Ubangiji ya tsare mini ku.

Uwarki,
Udenkwo