Sunanki a Bakin Faranti

Zuwa ga Mwanahawa, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar Darussalam ta take tsaka, ruwan kwakwar da ke kashe min ƙishi,

Ina rubuto miki ne daga bayan kicin, zaune a kan buhun albasa, hannuna duk gari. Wata bakwai ke nan ba ki ɗaga wayata ba, na kuma haƙura, don na san laifina. Kin ce kin gaji da son mutumin da ba shi da Sallah, ba shi da biki, kullum yana gaban murhu yana dafa wa wasu farin ciki. Gaskiyarki ce. Amma abin da ya same ni jiya, ko maƙiyina ba na yi masa fatansa.

Wani mutum ya zo gidan abincinmu na unguwar Masaki, ƙamshin turarensa har kicin, ya kama teburin da ke kallon teku na ranar Asabar. Kin san al'adar gidan: mai neman aure yakan kawo zobe, mu ɗora shi a kan kayan zaƙi, ni kuma in rubuta sunan yarinyar da cakulan a bakin faranti. Na rubuta sunaye sun fi ɗari, ban taɓa tunanin ko akwai mai kuka a bayansu ba. Mzee Shomari, shugaban kicin, ya miƙo min takardar da mutumin ya rubuta sunan yarinyar yana dariya. "Kombo, ga wani suna kamar layin jirgin ƙasa. Ka matse hannu, kada ya faɗo daga farantin."

Na duba, sai ga sunanki, na ce a raina, Mwanahawa ai da yawa a garin nan. Sai na ga abin da aka rubuta a ƙasa: ba ta cin jatan lande, yana sa mata ƙaiƙayi. Ashe har wannan kin gaya masa?

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a jirgin fiton Kigamboni, muna cin soyayyen rogo da barkono a cikin takarda? Kika ce, "Mai dafa wa manya, ga shi yana lasar yatsa a kan rogo!" Kika yi dariya har kika ƙware. Wallahi duk abin da na dafa tun daga ranar, wannan ɗanɗanon nake nema, ban same shi ba.

Ya hasken raina, ba a yarda mai girki ya tsallake ƙofar ɗakin cin abinci ba. Ɗan gilashin da ke jikinta kawai gare ni, nan zan tsaya. Zan rubuta sunanki da kyau, ba zan ɓata ko harafi ɗaya ba. Abu ɗaya nake roƙo: idan akwai sauran gurbina a zuciyarki, ko kamar ƙwayar shinkafa, ki mayar da farantin ba ki taɓa ba. A wurinmu wannan abin kunya ne, Mzee zai wanke ni tas a gaban kowa, ni kuwa zan sha zagin kamar zuma.

Sai dai ba na yaudarar kaina. Mutumin ba ya shakkar amsarki, don kafin ya fita sai da ya tambayi kek ɗin biki, mai hawa uku. Shi ma ni zan yi.

Naki, ko kin ce masa e, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Kombo