Shekara uku tana ɗago mini hannu ban gani ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a ɓoye sunana. Shawararku nake nema don Allah, abin ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni tela ce, daga Maradi na zo Yamai shekara uku da suka wuce, na kama ɗaki da ɗan shago a unguwar Talladjé, bakin gudron, wato titin kwalta. Tun zuwana nake kuka da mutanen kartiyen nan, unguwar tamu. Duk sanda na kira mahaifiyata sai na ce mata Inna, mutanen Yamai ba su san gaisuwa ba, kowa ta kansa yake. A yi suna, a yi biki, kiɗa kawai nake ji, ba mai gayyata ta. Ranar sallah ni kaɗai nake cin tuwona bayan na ɗinke wa rabin kartiye kaya.

Ban taɓa zargin idona ba wallahi. Mutumin da ke zura zare a allura bugu ɗaya, wa zai ce masa ba ya gani? Tun ina ƴar makaranta a lakkol dai benci na gaba nake zama, na ɗauka kowa ma haka yake ganin nesa, dishi-dishi.

Sai watan jiya wata mai kawo mini ɗinki, ma'aikaciyar asibiti ce ƴar Dogondoutchi, ta lura ina ƙanƙance ido don in duba agogon bango. Ta matsa mini sai na je an auna ni. Likita ya ce miyopi ne, wai ƙwayar idona ta ɗan yi tsawo, shi ya sa na kusa ke fita sarai, na nesa ya watse. Ya ce ba a shan magani, tabarau ne gyaransa. Ranar da na saka, Allahu Akbar! Ashe ganyen bedi, dogonyaro, ɗai-ɗai ake ganinsa tun daga nesa. A cikin taksi na dinga karanta allunan shaguna kamar yarinya.

Na koma ina ba ma'aikaciyar asibitin nan labari da murna, sai ta ce to bari in faɗa miki gaskiya, a kartiye Madam Girman Kai ake ce miki. Akwai wata tsohuwa Bazabarma da ƙofarta ke kallon shagona ta tsallaken gudron, ita ce ta aiko mini da kopto, kwaɗon zogale, satin da na zo. Wai kullum da safe idan na buɗe shago sai ta ɗago mini hannu, ni kuma in dube ta ido cikin ido in juya. Har jikokinta suka yi mata faɗa, suka ce ta daina zubar da girmanta, ta ce baƙuwa ce, kunya take ji. Sai bana ta haƙura. Ni ko Allah ya sani, abin da nake gani a ƙofar nan wani tudun kala ne kawai, har na ɗauka shanya ce.

Washegari na saka tabarau, na buɗe shago, ga ta zaune kan tabarma da carbinta. Ranar na fara sanin fuskarta. Na ɗaga hannu sama na ce fofo, sannu ta Zabarmanci, da ƙarfi. Ta dube ni, ta kau da kai. Kuma na gani, sarai na gani. Na shiga bayan keken ɗinki na yi kuka na ƙoshi.

Yanzu har cewa ake na ƙaro tabarau don yanga. Wani lokaci sai in cire shi in ajiye, don da can ba na ganin masu juya mini baya.

Ƴan uwa, in tsallaka in durƙusa in ce Iya, ban gan ki ba? Shekara uku fa, wa zai yarda? In tafi da takardar likita, ko in nemi wani babba ya raka ni? Ku faɗa mini yadda zan yi, gobe ma da safe tana nan zaune.